Baƙin Akushin Inna

Kwana uku muka yi a zaure muna karɓar gaisuwar rasuwar Inna, kuma tun a wunin farko na lura masu ta'aziyya duk hanya ɗaya suke bi. Mutum zai shigo, ya durƙusa, ya yi addu'a mu shafa, ya ce Allah ya ba mu haƙuri. Daga nan sai ya kawo zancen miya.

Liman ne ya fara. Da ya gama doguwar addu'arsa, ya ce shekara ashirin da 'yan kai yana buɗa-baki da kunun tsamiyar da ke fitowa daga gidan nan, bai taɓa jin ranar da tsamiyar ta yi yawa ko ta gaza ba. Wata Bafillatana daga rugar bayan gulbi, wadda ta tsufa tana kawo wa Inna nono, ta tsaya a bakin zaure ta ƙi wucewa wurin mata sai da ta shaida mana cewa ƙwaryarta ba ta taɓa komawa ruga wayam ba. In babu malmalar tuwo akwai ƙanzo, in babu ƙanzo akwai ƙullin daddawa. Wani mutum kuma da babu wanda ya gane shi, mai Hausar gabas, ya ce shi baƙon haƙar zinariya ne. Shekarun baya ya sauka garin nan ba shi da ko tabarma, ya yi wata biyu yana karya kumallo da ɗumamen tsohuwar nan, har ya tashi ba ta tambaye shi sunansa ba. A kasuwar Nasarawar Burkullu ya ji labari, ya hau babur ya zo.

Maƙwabciyarmu ce kaɗai ta kauce wa layi, tsohuwar da suka yi shekara hamsin da Inna suna musu ta saman darni. Ta dogara sandarta, ta leƙo zaure, ta ce, "Allah shi jiƙan ta, shi yi mata rahama. Amma dai ta yi rowar mai." Muka amsa amin ga rabin farko. Rabi na biyu kuwa babu wanda ya musa.

Na daɗe ina koyar da waƙoƙin marsiyya a aji a Gummi, na san yadda ake kwatanta mamaci da bango da inuwa da rijiya. Ban taɓa cin karo da wadda aka gina a kan miyar kuka ba. Amma abin da jama'a suka zo da shi ke nan, kuma wannan ba jarrabawa ba ce balle in gyara musu.

Mu uku ne a kan tabarmar karɓar gaisuwa. Yaya, babbanmu, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba, yana dama. Auta yana hagu. Ni ina tsakiya, kamar tushen gamba a kan iyakar gona. Gidan makoki ba ya ɗora tukunya, maƙwabta ke kawowa, kuma duk kwanon da ya shigo Yaya zai buɗe ya ce bismillah, baƙi su matso. Auta kuwa sai ya ce alhamdu lillahi, ya ci a gida. Da hantsi ya ci a gida, da azahar ya ci a gida, alhali tun asuba bai motsa daga inda yake ba. Fiye da shekara goma ke nan bai sa hannu a kwano a gidan da aka haife shi ba, kuma tsakaninsa da Yaya babu abin da ya wuce sallama. Abu ɗaya ne ya rage yana kai da kawowa tsakanin gidajen biyu, wani baƙin akushi, mai zuba tuwo a cikinsa kuwa mun kai ta makwancinta ranar Talata. Ina amsa amin, ina tunanin cewa da zarar an naɗe tabarmar nan Auta zai sa takalminsa ya koma gabashin gari, kuma ban ga abin da zai sake kawo shi ba sai wata gawar.

Kafin in zo ga akushi bari in faɗi girkin, domin masu gaisuwa sun yabe shi har wanda bai sani ba zai zaci wani abin al'ajabi ne. Tuwon dawa ne da miyar kuka. Ranar da aka gaji da kuka a kaɗa busasshen guro, wanda mutanen gabas ke kira kuɓewa. Da damina a yi miyar sure, wato yakuwa, da rana a kwaɗa zogale da ƙuliƙuli. Kayan miyarta hannu ɗaya ya ishe ka ƙirga su, daddawa da tonka, wato barkono, da gishiri da kuka, sai ruwa, in ruwa kaya ne. In an sami ƙashi, ko na zo mata da busasshen kifi daga Gummi, ya shiga. In babu, ba ta zama ta yi wa tukunya jaje. Man shanu kuwa, maƙwabciya ba ta yi mata ƙazafi ba, Inna na ɗiga shi ne kamar maganin ido.

Takan ce miyar da ta wuce kaya biyar, mai ita na da abin da take ɓoyewa. Matata, 'yar birni ce kuma mai kirki, duk zuwan da za mu yi sai ta kawo mata dunƙulen kanti da garin kori. Inna ta karɓa da hannu biyu, ta sunsuna, ta sa albarka. Bayan rasuwarta mun same su a cikin wani gwangwani a ƙarƙashin gado, na shekara da shekaru, sun manne da juna sun zama dutse guda.

Daddawarta ita ke yin abarta. Kowace bazara takan sayi kalwa, ta dafa ta wuni guda, ta surfa, ta wanke, ta rufe da ganye kwana uku, har gidan ya ɗauki warin nan da ke korar baƙo ya kira ɗan gida. A nan duk wahalar girkinta take, sau ɗaya a shekara. Sauran kwanakin ba ta yarda tukunya ta cinye mata wuni. Ta ɗora ruwa, ta yi ruɗe, ta tafi ta duba awakinta, ta dawo ta tuƙa, ta rufe ya sulala, kafin nan miya ta kaɗu. Mace in ta wuni a murhu, in ji ta, ko dai ba ta iya ba, ko tana gudun wani aikin.

Na taɓa yunƙurin rubuta yadda take yi, a wani hutun makaranta da ilimi ya yi mini yawa. Na zauna a kan kujera 'yar tsugunne da littafi da alƙalami. Na tambaye ta kuka nawa ake zubawa, ta ce har ta yi. Ruwa fa? Ta ce gwargwadon bakunan da ke gidan. Na ce to tuwo minti nawa yake yi a wuta. Ta dube ni, ta dubi agogon hannuna, ta ce, "Sai ya bar gardama da muciya. Rubuta hakanan, Malam." Malam take kirana tun ranar da na fara koyarwa, kuma ban taɓa rabe ko girmamawa ce ko tsiya ba. Shafin yana nan har yau, layi uku ne a cikinsa, babu wanda zai ciyar da kowa.

Gishirinta kullum yana ɗan kasawa. Da gangan ne. Takan ajiye shi a ɗan kasko kusa da kwano, ta ce wanda ya so ya ƙara, shi gishiri ana ƙara shi, ba a cire shi.

Sallah ba ta sa ta sauya hali. Da Ƙaramar Sallah takan yi tuwon shinkafa da miyar taushe, tukunya ɗaya babba, shi ke nan an yi biki. Da Babbar Sallah kuwa ko wannan ba ta yi. A wajenmu ba a cin naman layya ranar yanka. Ana feɗe rago, a buɗe shi, a soke a jikin itace, a jera kewaye da wuta a ƙofar gida tun hantsi, sai kashegari a sauke a raba. Kayan ciki kaɗai mata ke soyawa. Inna takan ce babu ranar yunwa irin ranar layya ga gidan da ya dogara da rago, yara na kallon nama cikinsu na kuka. Saboda haka tun kafin a sauko daga idi ta tuƙa tuwon dawarta na kullum, ta kaɗa kukarta. Mukan yi mata dariya, mu ce yau ma? Kafin la'asar an cinye tukunyar har ƙanzo, har da masu dariyar.

Rigimar ta faro ne daga turmi. Lokacin da zinariya ta buɗe a wajen Anka, samarin garinmu suka ajiye fartanya suka bi ta, Auta na cikinsu. Yana da mata da 'yarsa ɗaya, 'yar shekara biyu, wadda aka sa wa sunan Inna. A lokacin mutane na kwaso dutsen a buhu su kawo cikin gida, mata su farfasa a turmi kafin a kai inji, ƙura ta tashi ta sauka a kan komai. Wata rana Auta ya shigo da buhu biyu, ya ce wa matarsa ta jawo babban turmi. Turmin ƙirya ne, da shi Inna ta zo gidan. Ta fito daga ɗaki, ba ta ɗaga murya ba, ta kife turmin, ta ɗauki taɓarya ta kai bayan gadonta.

Auta ya yi ta bayani. Ya ce kowa haka yake yi, ya ce abin da ke cikin buhu ɗaya ya fi duk dawar da ke rumbu.

"In ya hi dawa, a tuƙa muna shi mu ci," in ji Inna. "Dutsi ba shi shiga inda hatsi ka shiga. Ba turmina ba, ba tsakar gidan ga ba."

Da a nan aka tsaya da abin ya wuce. Amma Yaya ya shigo ya goyi bayanta da kalmomin da suka fi buƙata yawa. Ya ce wanda ya gaji da fartanya ya nemi gidan da za a ci dutse. Auta ya ɗauke shi a kan maganarsa. Cikin mako ya kwashe matarsa da 'yarsa ya koma wani ƙauye kusa da Dareta, inda babu mai kife masa turmi.

Abin da ya biyo baya ba sai na tsawaita ba, duk mai shekaru a ƙasar nan ya san shi. Yara ƙanana suka fara zazzaɓi da amai da jijjiga. Aka ce iska ce, aka ce sammu ne, daga baya likitoci suka ce dalma ce a cikin dutsen, ƙurarta ta shiga ƙasar da yara ke wasa, ta shiga abincin da suke ci. Takwarar Inna tana cikin waɗanda suka tafi.

Muka je gaisuwa, ni da Yaya da wasu dattawa. Aka yi addu'a aka shafa. Sai Yaya, a gaban mutane, ya dubi Auta ya ce da ya ji maganar Inna da ba mu zo nan ba. Auta ya tashi ya zagaya bayan gida, bai dawo ba har muka tafi.

Ita Inna, wadda aka ari bakinta aka ci albasa, ba ta taɓa cewa ai na faɗa ba, ko sau ɗaya, ko a bayan ido. Da labarin maganar Yaya ya iso mata ba ta kira shi ba, domin ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma zama su yi magana ido da ido. Abin da ta yi shi ne, kwana bakwai tana kwashe miyar Yaya kafin ta sa wa tukunya gishiri, ta aika masa zaure ba tare da ɗan kaskon ba. Ya ci, bai yi tambaya ba. Ya gane sarai. Amma bai je wurin Auta ba.

Ita ta je. Ta hau motar kasuwa da ƙullin gari da daddawa, ta dawo da matar Auta, wadda ke da ciki a lokacin, ta ajiye ta a ɗakinta har ta haihu ta yi arba'in. Wata bakwai suka yi murhu ɗaya. Ban ji an ce sun yi wata doguwar hira a kan abin da ya faru ba. Matar Auta ta ce mini abin da Inna ke yi shi ne ta miƙa mata muciya ta ce tuƙa, in ta ga hawaye sun hana ta gani sai ta karɓa ta ƙarasa.

Da ma'aikatan lafiya suka zo garinmu suna auna ƙasar gidaje, suka sami tamu lafiya lau. Wani daga cikinsu ya ji labarin turmi, ya shigo har tsakar gida yana yaba mata, yana cewa tsohuwa ta hango abin da masu ilimi ba su hango ba. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni ban san dalma ba, ɗana. Tsakuwa ta ba ni so cikin tuwo." Na so a ce ta karɓi yabon, don in riƙa ba da labari a aji. Ta ƙi.

Bayan shekara guda Auta ya bar dutse ya dawo gari, ya koma noma da ɗan cinikin hatsi. Bai dawo gida ba, ya yi nasa ginin a gabas, bayan kasuwa. Kowace Juma'a yakan zo gaida Inna ta ƙofar baya, ya tsuguna a bakin ɗakinta, ya sha ruwa, ya tafi. In ta miƙo abinci ya ce ya ƙoshi, domin hatsin gidan daga rumbun Yaya yake fitowa.

A nan akushi ya shigo. Na mahaifiyarta ne, baƙi wuluk, ya tsage a baki an ɗinke da waya. Inna na da 'yar gayaunarta a bayan gari, gonar da ba ta cikin gandu, abin da ta noma nata ne. Sallar farko bayan dawowar Auta ta tuƙa tuwo da dawar gayauna, ta cika akushin, ta rufe da faifai, ta ɗauka da kanta ta ratsa gari. Ta dire a gabansa ta ce dawarta ce, ba ta gandu ba, in zai ƙi to ita ya ƙi. Ya ci. Kuma da yake kwano ba ya komawa wayam, matar Auta ta wanke akushin ta zuba hoce a ciki, wainar dawar nan da ake gasawa, ta mayar. Inna ta juye hocen a kwanon Yaya na dare ba ta ce daga ina ba, shi ma bai tambaya ba. Haka aka yi ta yi, Sallah biyu a shekara. Shekara goma Yaya na cin hocen gidan Auta yana yabon dawar bana.

Da ƙafa ta gaza mata, ni na gaji aikin. Duk Sallah ina gida, saboda haka mutanen gari suka saba ganin shugaban makaranta da babbar riga, da akushi ɗaure a bayan babur, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ƙaramar Sallar da ta wuce, ina cikin ɗaurewa, ta kira ni ta ce in gaya wa matar Auta kada ta dawo da shi yau. A bar shi can, sai ta aiko. Na ce ko lafiya? Ta ce ɗakinta ya cika da tarkace. Na dubi ɗakin, gado ne da randa da tabarmar sallah. Na kai saƙo yadda aka ba ni.

Ba ta aika ba. Wata biyu bai cika ba ta kwanta, kwana huɗu, ba ta wahalar da kowa ba. Wasiyyarta ɗaya da na ji da kunnena ita ce kada a yi mata girke-girke, a daka gumba a raba, kowa ya kama gabansa. Ta rasu saura kwana goma sha biyu Babbar Sallah.

Da aka tashi daga zaman makoki, malamin da zai raba gado ya ce a tattaro kayanta wuri ɗaya. Ba su da yawa. Matar Yaya ce ta ce ba ta ga baƙin akushi ba. Na faɗi inda yake. Malamin ya ce kayan mamaci ko allura ce sai ta zo, haƙƙin magada ne, shi zai dawo rabo bayan Sallah. Yaya bai dube ni ba, ya ce in gaya wa mutanen gabas.

Na je na gaya musu. Auta ya ce wa matarsa ta wanke ta ba ni. Ta ce ba za ta iya ba. Shekara goma ba ta taɓa mayar da akushin nan wayam ba, ba za ta fara ba yanzu da mai shi ke cikin ƙasa. Auta ya ce in ta zuba abinci wa za a kai wa, tunda mai ci ba ta nan? Ta ce wannan kuma shi ya sani. Ya ce to a bar shi nan. Ta ce a bar kayan gado a ɗakinta, ta kwana da haƙƙin mutane a kanta? Ya juyo gare ni ya ce in ɗauka in tafi da shi yadda yake, a wuce wurin. Na ce babur ɗina ya lalace. Bai lalace ba, a kansa na zo, yana jingine a ƙofar gida inda duk muke ganinsa.

Ranar Sallah, bayan azahar, muna ƙofar gida ni da Yaya. Raguna biyu na jikin itace, yana juya su, hayaƙi ya mayar da idonsa ja. Cikin gida mata na suyar kayan ciki, kuma a karon farko tun da na yi wayo babu wanda ya tuna ya ɗora tuwo. Jikoki na ta zagaya wuta suna haɗiyar yawu, yadda Inna ta sha faɗa. Sai ga Auta tafe a ƙasa, ta hanyar gaba, riƙe da akushi da hannu biyu. Daga baya na ji cewa matarsa ta tuƙa, ta kwashe, ta dire a gabansa, ta ce kayan mamaci ba a ba ɗan aike, ita kuma ba ta shiga zauren maza, ta koma ɗaki ta bar shi da shi.

Ya yi sallama, ya ajiye a kan tabarma, ya tsaya a tsaye.

"Ga kayan gado na kawo," in ji shi.

Yaya ya goge hannu a riga, ya ɗaga faifan. Malmala uku ce ta tuwon dawa, da kwanon miya a gefe, kuka, da ɗigon man shanu guda a tsakiya. Ƙanshin daddawar ya riga tururin tashi. Ta Inna ce, ragowar wadda ta ba matar Auta da bazara.

Yaya ya daɗe riƙe da faifan. Sannan ya ce, "Malamin gado akushi yac ce, bai ce da tuwo ba."

"To ku juye."

"Kwanonin gidan ga dut suna wurin mata."

Ni na san akwai kwanoni a zaure sun fi goma, na masu kawo abincin makoki da ba a gama mayarwa ba. Na ci gaba da kallon wuta. Yaya ya zauna, ya wanke hannu, ya tura butar wajen Auta. Auta bai ɗauka ba.

Yaya ya yi magana yana kallon ragunan. "Maganar da niy yi maka wurin gaisuwar ɗiyarka, Inna ba ta aike ni ba. Tawa ta, kuma mugunyar magana ta. Na sani tun ran da miya taz zo mani ba gishiri. Girman kai yah hana ni zuwa."

"Shekara goma sha nawa, Yaya?"

"Na ƙirga su."

Kitse ya ɗiga a wuta ya yi ƙara. Wani ya wuce a kan babur ya yi mana barka da Sallah, ni kaɗai na amsa. Auta ya cire takalminsa, ya zauna, ya ɗauki butar.

Muka sa hannu mu uku. Da lomar farko Yaya ya tauna, ya haɗiye, ya ce gishiri ya yi kaɗan. Auta ya ce haka aka koya wa matarsa. Na tashi na shiga gida na ɗauko ɗan kaskon Inna na ajiye a gefe. Har muka suɗe akushin babu wanda ya taɓa kaskon.

An sha tambayata ko Inna ta shirya wannan ne tun ranar da ta ce a bar akushi can. Ban sani ba. Da tana nan na tabbata cewa za ta yi ɗakinta ne ya cika da tarkace, ta ci gaba da tankaɗenta.

Kashegari aka sauke raguna. Matar Yaya ta ga akushin a wanke a zaure, ta ce wannan da abinci ya zo, ba zai kwana biyu wayam ba, ta sa karfata guda, kafaɗar rago, a ciki. Yaya ya ce zai leƙa kasuwa, hanya ɗaya ce, ya ɗauka. Ranar da malam ya dawo rabon gado akushi na gabas. Aka aika, ya dawo da hoce, kafin a kira malam matar Yaya ta zuba dambu ya koma. Malam ya zo sau biyu bai same shi ba. A na uku ya raba abin da ya samu, randa da gado da awaki da turmin ƙirya, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya ko akwai magajin da ke neman rabonsa a cikin akushin. Babu wanda ya amsa. Ya ce to a bar shi a kan hanya.

Allah ya jiƙan Inna, ya haɗa ta da takwararta a inda ba a daka dutse, ya kuma yafe mata rowar mai, in har laifi ce.